Wa ya san Mamman Sani mai ogan? Mu tattauna a kansa

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka buɗe maganar masu haɗa kiɗa da na'ura na lura duk misalan da ake kawowa na Turai ne da Amurka, sai kuma Legas. Ga namu na gida: Mamman Sani Abdoulaye. Ɗan Nijar ne, amma a Accra aka haife shi a farkon shekarun 1950. Ya yi malanta, ya kuma yi aiki da hukumar UNESCO. A wani taron hukumar ne wani wakili daga Ruwanda ya zo da ogan mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. Mamman ya ji sautinsa, ya lallashi mutumin har ya sayar masa, ya taho da shi Yamai.

A 1978 ya shiga sutudiyon gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset ɗinsa na farko, shi da ogansa. An yi aikin da hannun ma'aikatar al'adu, amma kwafi kusan ɗari kawai aka buga. Daga nan sama da shekara talatin kiɗansa na cike gurbi tsakanin shirye-shirye a rediyo da tele. Mu da muka tashi a lokacin, da ka ji sautin nan ka san labarai sun kusa, amma da yawanmu ba mu san wane ne ke bugawa ba. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da kaset ɗin a faifai.

Tambayata: wannan mutum ya ci ribar sana'arsa, ko kuwa mu ne muka ci moriyarsa muka bar shi? Ni dai ina ganin mun gaza masa.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ce ba a san shi ba. A Yamai ma'aikata da masu harkar kiɗa sun san Mamman Sani sarai. Mu na nesa, da yaran da suka zo daga baya, mu ne muka san sautin ba tare da suna ba. Kuma haka al'adar gidan rediyo take ko'ina: mai gabatarwa yakan faɗi sunan mawaƙi kafin waƙa, amma kiɗan da ake sakawa don a cike minti ɗaya kafin ƙarfe takwas ta buga, ba wanda ke tsayawa ya ce na wane ne.

Ni gyaran rediyo na yi a Maraɗi tun zamanin Shugaba Kunce. Idan na gama gyara akwati ina neman in ji ko lasifika ta warke, ba abin da na fi so ya faɗo kamar kiɗan nan, don yana da dogon sauti mai tsayawa cak. In takardar lasifika ta yage, nan take za ka ji tana karkarwa.

Jikan Makaɗa:
Baba, a gafarce ni, zan shigo da abin da wasu ba za su so ba. Ni gidan kiɗa na fito, kakana kalangu ya kaɗa, kawuna yana goge har yau a Katsina. Na nemo kiɗan mutumin nan na saurara jiya da dare. Yana da daɗi, yana sanyaya rai, ban musa ba. Amma ina maganar? Kalangu in ka matse shi a hammata ka sa gula, suna yake kira, kirari yake yi, wanda ya san take ya san da wa ake. Goge yana jan sauti daga ƙasa ya haura da shi sannu a hankali ba tare da ya yanke ba. Ogan kuwa matakala ce ƙayyadaddiya, daga wannan maɓalli sai wancan, abin da ke tsakani babu shi. Kuma a tsakanin nan ne kiɗanmu yake zaune. Ga ganga ma ba hannu ke buga ta ba, na'ura ce ke maimaita abu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Abin da ya fi damuna: na'urar nan ita ce ta raba makaɗa da abincinsu. Bikin da a da sai an kira mutum shida, yau yaro ɗaya ne da fiyano da janareta.

Abba Fiyano:
Yaya, ni ne yaron nan mai fiyano, don haka bari in ce wani abu. Sutudiyo nake da shi a Kano, kiɗa nake haɗa wa mawaƙa.

Maganar tsakanin sautuka gaskiyarka ce, ba ni da ja. Amma ka sake sauraron kaset ɗin 1978 da kunnen mai aiki. Sau biyu aka ɗauka, aka ɗora na biyu a kan na farko. Ma'ana ya zauna ya buga waƙa daga farko har ƙarshe, sannan aka mayar da zare baya, yana jin abin da ya buga, ya sake bin sa da wani layi. Ba yanka, ba liƙi. In yatsa ya zame a minti na huɗu, ko dai a koma farko ko a bar shi haka. Ni yau a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da linzamin kwamfuta nake zana sautuka ɗaya bayan ɗaya, in ja wanda ya makara ya dawo kan layi, in kwafi baiti ɗaya in manna shi sau ashirin. Shi ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan. Hannun hagu yana riƙe da dogon sauti a ƙasa, na dama yana yawo a sama, kuma in ka kasa kunne za ka ji wani lokaci yana ɗan jinkirta wa gangar na'urar, wani lokaci ya ɗan riga ta. Wannan jinkirin ba inji ya yi shi ba, mutum ne.

Sannan ai ba waƙoƙin Turawa ya zauna yana kwaikwayo ba. Karin waƙoƙin gargajiyar Nijar ya ɗauko, har da na makiyaya Fulani da Buzaye, ya zuba su a ogan, ya haɗa da nasa na kansa. Shi ya sa mutumin ƙauye da bai taɓa ganin ogan ba ya ji abin bai zame masa baƙo ba.

Jikan Makaɗa:
To ka ga ka dawo kan maganata, ƙanena. In karin na makiyaya ne, su waye suka ƙaga shi? Muna kukan ba a faɗi sunan Mamman Sani ba, wa ya faɗi sunan matar da ta fara rera waƙar a rugga?

Abba Fiyano:
Ba wanda zai iya faɗa, kamar yadda kawunka ba zai iya gaya maka wanda ya ƙagi kowane take da yake gogawa ba. Kari na jama'a ne. Abin da mutum ya yi da shi, nasa ne.

Hajiya Maman Nana:
Ku tsaya 'ya'yana, akwai abin da duk ba ku taɓo ba, kuma a ganina shi ne gindin maganar. A ƙasar Hausa wa ke biyan makaɗi? Wanda aka wasa. Shata in ya kira sunan attajiri, ko Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa a gaban jama'a, akwai baki, akwai wanda ake yi domin sa, akwai kari. Makaɗan fada suna da sarki, na noma suna da gayya, na dambe suna da 'yan dambe. Kowane kiɗa da ubangidansa. Shi kuwa wannan bawan Allah mafi yawan aikinsa kiɗa ne zalla, bai kira sunan kowa ba. To wa zai tashi ya yi masa liƙi? Ba wanda zai ce waƙata ce.

Saboda haka ni ban yarda da ɗan Damagaram cewa mugunta ko sakaci ne kawai ba. Ya zo da irin hajar da kasuwarmu ba ta da rumfarta. Da ba ma'aikaci ba ne mai albashi, da wuya ya jure shekarun nan yana yi. Kuma ina jinjina masa ƙwarai a kan hakan, don hanya mafi sauƙi ita ce ya sa baki ya yi ta wasa manya, bai bi ta ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, wannan magana ta shige ni. Amma ko da kasuwa ba ta da rumfa, ai hukuma tana da ɗakin ajiya. Mutumin bai tsaya a 1978 ba. Ya ci gaba da ɗauka a farkon shekarun 1980, sannan a ƙarshensu ya yi wani cikakken aiki, wani ɓangare a Nijar wani a Faransa, da sababbin na'urori. Wannan aikin, Taaritt, bai fito ba sai 2014. Na farkon shekarun 1980 kuma sai 2015. Shekara kusan talatin zare yana kwance. A ƙasar da aka san ta da gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, ake da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, ya kamata a ce mu muka fara fitar da su.

Binta 'Yar Jami'a:
Malam, nan ne inda abin yake min ciwo. Ku duba jerin nan. Francis Bebey na Kamaru, wanda shi ma ya yi aiki a UNESCO kafin ya bari ya koma kiɗa da na'urori a ɗakinsa a Paris, ya rasu a 2001. Kamfanin Born Bad na Faransa ne ya tattara kiɗansa na lantarki a 2012. William Onyeabor na Inugu, wanda ya gina sutudiyonsa har da injin buga faifai na kansa, kamfanin Luaka Bop na New York ne ya tattara nasa a 2013. Mamman Sani, Sahel Sounds na Portland, 2013. Cikin shekara biyu, magabata uku na kiɗan lantarki a Afirka, kuma ba ko ɗaya da kamfanin ƙasarsa ya fitar.

Abin da ke biyo baya shi ne labarin ya koma hannunsu. A jaridunsu tauraron labarin yakan zama Baturen da ya shiga ɗakin ajiya mai ƙura ya tsinto kaset, kamar mai kiɗan ya ɓace ne, alhali yana nan cikin mutanensa. Faifan roba kuma da suke bugawa, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi irina, ko na'urar kunna shi ba mu da ita.

Ɗan Nima:
Daga Accra nake gaisuwa. 'Yar'uwa, ina jin zafinki, amma a yi adalci. Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, bai ɗauki kaset ya gudu ba, ya nemi mai shi, da yardarsa aka fitar, da sunansa da hotonsa a bango. Bayan haka Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa a gaban mutanen da suka sayi tikiti don su zauna su saurari ogan. Kamfanin nan kuma shi ya fitar da Mdou Moctar, mai kiɗan gita ɗan Nijar, ga duniya, shi ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa a faifai a 2013. Kiɗan yana intanet, kowa na iya saurara a waya. Ni a nan na fara jin sa, a garin da aka haifi mai shi. Da ba su fitar ba, da wannan zaren ma ba a buɗe shi ba.

Binta 'Yar Jami'a:
Ban ce ya yi sata ba, Yaya. Na ce mu ba ma ganin darajar namu sai wani ya ɗaga shi daga waje. Kuma wanda ya ɗaga shi ne ke zaɓen abin da duniya za ta ji. Su abin da ya yi musu baƙo suke nema. Akwai nawa irinsa a Damagaram da Agadas da Kano waɗanda kiɗansu bai dace da kunnen mai saye a Balin ta Jamus ba?

Baba Mai Rediyo:
'Yata, kina magana kamar ajiye kaset abu ne mai sauƙi da aka ƙi yi. Bari in gaya miki yadda zare ke mutuwa a ƙasarmu. Zafin bazara yana sa shi ya manne da juna. Ƙurar hunturu tana shiga ta kankare shi. Akwai wani ɗan soso ƙarami a tsakiyar bakin kaset wanda ke danna zare a jikin kan na'ura, gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, daga nan sai ka ji murya kamar daga cikin rijiya. In robar da ke jan zare ta tsufa, sai ta naɗe shi ta tauna, ka zaro shi a hankali ka sa biro kana mayarwa, amma inda ya tattare ya tattare ke nan har abada. Sannan a wancan zamani zaren ɗauka tsada gare shi, gidajen rediyo da yawa a Afirka sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kai. Ba ƙiyayya ba ce, rashi ne.

Don haka kaset ɗin da aka buga ɗari, a ce ya kai 2013 ana iya jin sa, wani ne ya adana shi a Yamai duk tsawon shekarun nan. Baturen ya zo ya tarar ne. Wanda ya adana ɗan ƙasa ne, shi ma a gode masa.

Abba Fiyano:
Baba, wallahi namu na yanzu ya fi saurin mutuwa. Kaset ko ya lalace za ka tsinci rabinsa. Ni rumbun kwamfutata ya taɓa ƙonewa da wutar da aka kawo da ƙarfi, aikin shekaru ya tafi a dare ɗaya.

Kuma maganar Hajiya har yau ba ta canja ba. Kiɗan finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990 a kan fiyanon Yamaha PSR aka gina shi. Ku tambayi duk wanda ya haddace waƙoƙin lokacin, zai kawo muku sunan mawaƙi, da jarumar da ta hau waƙar, amma mutum nawa ne za su faɗi wanda ya zauna a gaban fiyano? Mawaƙi yakan zo min da baiti da kari a baki kawai. Ni zan nemo masa ma'aunin da muryarsa za ta zauna, in sa ganga, in sa bes, in ƙirƙiro ɗan karin da ke shiga tsakanin baiti da baiti, wanda sau da yawa shi ne abin da yara ke bi da fito a titi. A biya ni kuɗin zama sau ɗaya, shi ke nan. Akwai wanda na yi wa kiɗa, waƙar ta zaga gidajen biki, ya hau da ita dandamali a garuruwa, ko a rubutun ƙasan bidiyo bai sa sunana ba. Da na yi magana sai ya ce ai ya biya. Shi ya sa kuke jin muna cusa sunanmu da murya a farkon kiɗa. Ba son a sani ba ne, ita ce kaɗai shaidar da ba a iya gogewa cikin sauƙi.

Ɗan Damagaram:
Abba, ka tuna min da Hama na Yamai. Direba ne, yana haɗa kiɗa zalla a fiyano, yana ɗauko karin Buzaye da na gargajiya kamar yadda Mamman ya yi. Kiɗansa ya yi ta yawo a katin waya, daga wannan zuwa wancan ta bulutut, ba suna a jiki. Sahel Sounds ɗin dai ne suka fitar masa da faifai a 2015, da wani a 2019 wanda ya haɗa a kwamfuta. Tsara biyu, na'ura daban, hanya ɗaya: kowa na ji, ba a san mai shi ba, sai an zo daga waje. Wannan ne ya sa na ƙi sauka daga kan maganata. A 1978 za a ce babu hali. A zamanin waya fa?

Hajiya Maman Nana:
A zamanin waya ma sai an sami mai saye, ɗana. Ku da kuke zauren nan, wa ya taɓa cire kuɗi ya sayi kiɗan da babu waƙa a ciki? Ni ban taɓa ba. Muna so, amma kyauta muke so. Kai kuma Abba, ka riƙa rubuta yarjejeniya kafin ka taɓa fiyano, ko a takarda ɗaya ce: sunanka zai fito, kuma kaza ne rabonka in waƙa ta kawo kuɗi. Wanda ya ƙi sa hannu ka san da wa kake.

Abba Fiyano:
Hajiya, in na fito da takarda sai ya tsallaka sutudiyon da ke kallon nawa. Sai dai in mun haɗa kai mu duka. Amma wani abu ya tsaya min a rai tun da na saurari kaset ɗin nan. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa fitar da kiɗa da sunana ni kaɗai ba, kullum ina bayan wani. Ina so in gwada: kiɗa zalla, guda biyar ko shida, a kan karinmu na nan. Ko ba a saya ba, ya zama akwai shi.

Jikan Makaɗa:
In da gaske kake, ƙanena, kada ka yi shi da gogen cikin kwamfuta, wannan mai kukan sauro. Ban sauka daga ra'ayina ba, fiyano ba ya magana. Amma zan iya yi wa kawu magana in kawo maka shi Kano da gogensa. Sharaɗi uku: a biya shi a ranar, a rubuta sunansa tare da naka, kuma kada ka sa na'urar nan taku mai daidaita murya ta gyara masa sauti. Inda ya ja, a bar shi ya ja.

Binta 'Yar Jami'a:
In kun yi, ku fara sa shi a nan kafin ku tura wa kowa a waje. Zan saya, ko nawa kuka sa.

Abba Fiyano:
Na yarda da duka ukun, Yaya. In haka ne ma ba zan fara da ganga ba. Shi zan fara ɗauka shi kaɗai, ba tare da na sa masa ma'aunin bugu a kunne ba, sannan in daidaita fiyanon a kan gogensa, in bi shi da hannu. Zai ɗauki lokaci fiye da yadda na saba. Ka tambaye shi ko zai iya zuwa bayan Sallah, kuma ka gaya masa ya zo da gogen da ya saba da shi, kada ya ce zai sa sabon izga don zai shiga sutudiyo.